Miyar Tsamiya a Titin Jerome

A dogon benen da muke haya a unguwar Mount Hope ta New York kowa Maman Rilwanu yake ce mata, sunanta na yanka kuwa Hussaina. Ɗakinta yana daidai saman nawa, shi ya sa tun kafin mu fara gaisawa na san takunta. Da asuba zan ji ta taka zuwa famfo, in ji ta ja kujera, daga nan sai shiru. Ba rediyo, ba talabijin, ba muryar kowa. Doguwa ce, baƙa, ta ɗan rankwafa, kullum da mayafi ruwan toka a kan rigar aiki. Ta haura hamsin.

Abin da matan gidan suka fi riƙewa a kanta shi ne duk Alhamis da la'asar tana tafiya cin abinci wurin 'yan Caina, ita kaɗai, kamar wadda ba ta da tukunya. In maganar ta zo kunnenta sai ta ce ba 'yan Caina ba ne, mutanen Vietnam ne. Ni ma sai da muka saba sosai, ina hawa wurinta aron abu, tana saukowa duba 'ya'yana, sannan na ji yadda abin ya samo asali. Ba a zama ɗaya ta ba ni labarin ba, guntu-guntu na tsince shi.

'Yar Bichi ce. Mahaifinsu tela ne a bakin kasuwa, mahaifiyarsu tana yin daddawa. Tagwaye ne ita da Hassana, kuma ta ce tun da aka yaye su har aka kai su ɗakin miji ba ta taɓa sa hannu a kwano ita kaɗai ba. Hassana ta fi son ƙanzo, ita ta fi son tsakiyar malmala, don haka ko sau ɗaya abinci bai haɗa su faɗa ba.

Hassana ta yi aurenta a nan Bichi. Hussaina ta auri Malam Abdulwahab, malamin lissafi a wata sakandare a Kano, wanda daga baya ya ci cacar biza ya taho Amurka. Da ya yi 'yan shekaru yana tuƙin tasi sai ya aika mata, ta iso New York da ɗansu Rilwanu yana ɗan ƙaramin yaro. Ba su ƙara samun haihuwa ba. Ta yi kitso a wani shago a Harlem har yatsunta suka fara ciwo, sannan ta yi ɗan kwas na kula da tsofaffi a gidajensu, wani kamfani ya ɗauke ta aiki. Haka rayuwa ta miƙa, miji a titi, ita a gidan tsofaffi, yaro a makaranta. Amma ko ta yaya, bayan magariba sukan haɗu su uku a ƙasa, a kewaye faranti ɗaya.

Korona ta ɗauki Malam tun farkon shigowarta, lokacin da motocin asibiti ba sa daina kuka a titin Grand Concourse. Ba a bar ta ta shiga wurinsa ba. Wata nas ce ta gaya mata a waya. Maza ƙalilan aka bari suka raka gawar zuwa New Jersey. Takabarta a kulle ta yi ta, ba mai shigowa gaisuwa, ba mai zama da ita. Mu maƙwabta mukan ajiye kwano a bakin ƙofa, mu ƙwanƙwasa, mu ja da baya. Rilwanu ya zauna da ita har aka buɗe makarantu, ya koma jami'a a Buffalo, da ya gama kuma ya sami aiki a Dallas. Yaro ne mai kirki, ba ya mako bai kira ta ba. Tana yi masa Hausa, yana amsawa da Turanci, kowa yana gane kowa, amma hirar ba ta nisa. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, yaron nan take cewa.

Tun daga rasuwar Malam cin abinci ya gagare ta. Takan dafa, ta zuba, ta zauna ta dubi kwanon, sai ta rufe ta sa a firji. Ta koma shayi da burodi a tsaye a kicin. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Tana cikin wannan hali kamfani ya tura ta gidan wata tsohuwa a wajen Fordham, sunanta Lien. 'Yar mitsitsiya ce, kanta fari fat, ta haura tamanin, shanyewar ɓarin jiki ta kama mata hannun hagu da ƙafa. Turancinta bai taka kara ya karya ba. Tana zaune da ɗanta Tuan da matarsa, su kuwa da sassafe suke fita zuwa gidan abincinsu, ba sa dawowa sai an tashi. Aikin Hussaina shi ne ta yi mata wanka, ta sa mata kaya, ta ba ta magani, ta zauna da ita. Ta fara kiranta Iya. Tsohuwar ta kasa faɗin Hussaina, sai ta yanke shi ta mai da shi Saina.

Iya mafaɗaciya ce. Ruwan wanka ya yi zafi, faɗa. An taje mata kai da ƙarfi, faɗa. Takan yi jifa da cokali. Hussaina ta yi haƙuri har ta gaji, ta fara rama faɗan da Hausa, tsohuwa tana yi da yarensu, ba mai jin wani. In sun gaji su yi shiru, su zuba wa taga ido tare.

Tun ranar farko Tuan ya gaya mata cewa duk Alhamis sai an kai uwarsa gidan abincin. Ita ta kafa shi, kuma ko da jikinta ya ƙi, harshenta bai ƙi ba, sai ta ɗanɗana romo ta zagi masu dafawa hankalinta yake kwanciya. Haka Hussaina za ta naɗe ta da bargo, ta ɗora ta a keken guragu, ta tura ta har titin Jerome, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ɗan wuri ne ƙarami, 'yan tebura kaɗan, tagoginsa kullum sun yi gumi saboda tururi. Duk sanda jirgi ya wuce a sama, cokulan da ke cikin gwangwani su kama rawa. Da shigarta ta ji ƙamshin gasasshiyar citta, da kirfa, da kanumfari, sai kuma wani wari a ƙasa-ƙasa mai kama da na daddawa, wanda daga baya ta gane ruwan kifi ne da suke tsumawa, shi ne daddawarsu. Amma ta kuma hangi abin da ke farantin wani mutum a teburin gefe, ta gane naman alade ne, ta kau da kai.

Aka kawo wa Iya abincinta, aka kawo wa Hussaina nata, ta ce ta gode, ta ƙoshi. Ruwa kawai ta karɓa. Mako na biyu haka, na uku haka. Ranar nan sai tsohuwa ta ture kwanonta gefe, ta ɗaure fuska, ta ƙi buɗe baki. Ta yi ta ɗaga murya har Tuan ya fito daga kicin yana goge hannu. Ya saurari uwarsa, ya juyo da alamun jin kunya.

Ya ce, "Madam Saina, ta ce ba za ta ci ba in kina zaune kina kallon bakinta. Wai a garinsu ba a yin haka."

Hussaina ta ce, "Gaya mata a garinmu ma ba a yi. Amma ni Musulma ce, akwai abin da ba na ci, kuma ba na cin abin da aka dafa a tukunya ɗaya da shi."

Ya fassara. Tsohuwa ta yi ta magana mai tsawo tana nuna shi da hannunta mai lafiya, shi kuwa yana ta gyaɗa kai kamar ɗan makaranta. Ranar dai Iya ba ta ci komai ba, haka suka koma.

Alhamis ta gaba suna zama Tuan ya fito da wata sabuwar tukunya, takardar kanti ma ba a ɓare daga gindinta ba, ya nuna wa Hussaina ciki da waje, ya nuna mata sabon ludayi, ya koma. Can sai ga shi da kwano babba yana tururi, da ƙananan kwanoni biyu, da shinkafa fara. Ya tsaya ya lissafa mata abin da ke ciki: tarwaɗa, tumatir, abarba, kuɓewa, tsamiya. Ba nama, ba kitse, ba giya.

Hussaina ta ce ba kalmar tsamiyar ce ta kama ta ba, ƙamshin ne. Tsamiya dai tsamiya, irin wadda ake jiƙa wa kunu. Ga kuɓewa an yanka ta manya-manya tana yawo a saman romo, ga tarwaɗa da baƙar fatarta kamar an kamo ta a dam ɗin Tiga. Ta yi bisimilla ta kurɓa. Tsami ya fara zuwa, sai zaƙi-zaƙi, sai yaji ya biyo baya a hankali. Ta kurɓa na biyu. Tana ɗago kai ta ga Iya ta sa tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, da hannu ɗaya, ta zare ƙayar kifi tsaf, ta ɗauko tsokar ta ajiye a kan shinkafar Hussaina, ta ci gaba da cin nata ba ta ko dube ta ba. Hussaina ta cinye shinkafar, aka ƙaro. Ta ce rabonta da ta ji cikinta ya yi nauyi haka tun Malam yana raye.

Daga nan kowace Alhamis da abin da za a kawo. Da aka fara kawo jatan lande da kawunansu da gashin bakinsu, an soya su da gishiri da barkono da tafarnuwa, ta tsaya tana kallo, sai ta tuna ai su ma a Bichi suna cin fara, wannan farar ruwa ce kawai. Ta ɓare ɗaya, ta ga daɗi, ta ja farantin. Akwai wanda ake naɗewa a cikin wani farin ɓawo na shinkafa, sirit har ana hango jan jatan landen daga waje, da na'ana'a a ciki, a tsoma a miyar gyaɗa. Wannan ta ce da Hassana za ta gani da ta rantse wani Bahaushe ne ya koya musu. Ƙaguwa ce ta daɗe tana ƙi. Sai da Iya ta fasa ƙafar da kanta, ta zaro farin naman ta kai mata har baki, sannan ta karɓa don kada a yi faɗa. Akwai kuma wani abin teku mai hannuwa da yawa, shi kam har yau ba ta yarda da shi ba.

Naman sa kuwa ta ce ba ta ci sai yankan Musulmi. Tuan ya tambaye ta inda take saye, ta kwatanta masa shagon Braimah, wani mahauci ɗan zangon Kumasi da ke kusa da mu. Ba ta ɗauka zai je ba. Sai ga Braimah yana ba ta labari, yana dariya, wai wani ɗan Caina ya zo ya ce Madam Saina ce ta aiko shi, ya kwashi ƙasusuwa da wutsiyar sa. Tun daga ranar Laraba ake ɗora ƙasusuwan a tukunyarta, su kwana suna dahuwa a wuta kaɗan-kaɗan. Shi ne romon da suke kira fo. Ana zuba taliyar shinkafa a kwano, a shimfiɗa nama a kai an yanka shi fale-fale kamar na kilishi, ɗanye, ja wur, sannan a kwarara romon yana tafasa, naman ya dahu a gaban idonka. A gefe ga ɗoɗɗoya, ga lemon tsami, ga ɗanyen barkono, kowa ya gyara nasa. Da farko ta tsorata da ɗanyen naman, ta riƙa danna shi ƙasa da cokali har sai ya yi fari. Iya ta riƙa yi mata tsaki.

Tuan ne ya gaya mata, wata rana yana share tebur, cewa uwarsa da can kifi take sayarwa a cikin kwalekwale a wani babban kogi a kudancin ƙasarsu. Bayan yaƙi suka tsere ta teku, shi yana goye. Ubansa da yayarsa ba su kai gaci ba. Bai ƙara ba, ita ma ba ta tambaya ba. Mako na gaba ta buɗe wayarta ta nuna wa Iya hoton Malam, yana tsaye jikin tasinsa da hula zanna. Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Ta mayar mata da wayar, ta ɗan bubbuga bayan hannunta, ta turo farantin kifi gabanta.

Da azumi ya zo aka sake rigima, don Iya ta ɗauka Saina fushi take yi. Da Tuan ya yi mata bayani sai ta ce to ita ma ba za ta ci a can ba, a zuba a roba. Suka riƙa komawa gida da romon. Lokacin tashin Hussaina yakan yi kafin rana ta faɗi, amma ran Alhamis sai ta zauna, su biyu a bakin taga suna jiran magariba, tsohuwa tana leƙa sama tana leƙa fuskar Hussaina, har ta ga ta ɗauki dabino.

Sun fi shekara biyu a haka. Kumatunta suka dawo. Mu a gidan mun ga canji, ba mu san dalili ba.

Sai ta shirya zuwa gida Bichi, karon farko tun rasuwar Malam. Ta yi ta sayayya, ta cika akwatuna, ta ɗauki hutu mai tsawo. Ni na raka ta har bakin tasi, tana ta murna kamar yarinya. Da ta dawo na hau yi mata sannu da zuwa, na tarar ba ta ko kwance kaya ba. Ta ce kowa lafiya, an karɓe ta hannu bibbiyu, an yanka mata rago. Can ta ce Hassana ta gyara mata ɗaki guda ita kaɗai, da fanka da sabon labule, an sayo mata ruwan roba don kada cikinta ya ɓaci. In an sauke abinci, sai a zubo nata a faranti mai murfi, da cokali, jika ta kawo mata ɗaki ta durƙusa ta ajiye ta fita. Tana jiyo su a tsakar gida, Hassana da surukanta da jikoki, suna ci suna shewa. Rana ɗaya ta ɗauki farantinta ta fito ta zauna a cikinsu, sai aka tashi ana neman kujera, hira ta mutu. Hassana ta ce haba 'yar'uwa, ke da kika saba da tebur.

Na ce, "Yaya, da kin gaya mata mana."

Ta ce, "Shamsiya, in ce mata me? Ai girmama ni take yi."

Ba wannan kaɗai ta tarar ba. Tana can Iya ta faɗi a banɗaki a hannun wadda ta riƙe mata aikin, ƙugu ya karye. Daga asibiti aka wuce da ita gidan jinyar tsofaffi, aikin gidan ya ƙare. Kamfani ya tura Hussaina wurin wani tsoho a can ƙarshen Bronx, wanda ba ya magana da kowa sai talabijin. Ta riƙa zuwa duba Iya ranar hutunta. Da farko tsohuwa tana gane ta, ta kama mata mayafi ta yi ta ƙorafi da yarensu. Daga baya ta daina magana, ta daina karɓar abinci. Hussaina takan zauna ta shafa mata mai a ƙafa, ta taje mata kai a hankali, ba wanda ya yi faɗa.

Cikin hunturu Tuan ya kira ta ya ce uwarsa ta rasu. Ta je inda aka ajiye gawar. Ɗaki ne cike da furanni da hayaƙin turare, 'yan'uwa sun ɗaura farin ƙyalle a ka, wani malamin addininsu mai kaya ruwan goro yana karatu. Kowa yana ɗaukar turaren tsinke ya sunkuya a gaban hoton Iya. Ita ta tsaya daga baya, jikin bango, hannuwanta a cikin mayafi. Matar Tuan ta zo ta tsaya kusa da ita, ba ta miƙo mata turare ba, ta dai riƙe mata gwiwar hannu har aka gama.

Ta yi watanni ba ta bi ta titin Jerome ba. Shayi da burodi suka dawo. Sai wata Alhamis, da bazara ta shigo, ta taso daga gidan tsohon nan, jirgi ya tsaya a tashar da ta saba, ta ga ta sauka. Tuan yana ganinta ya fito daga bayan kanta. Ya ce yau ba a ɗora ƙashi ba, tunda bai san za ta zo ba, amma akwai kifi. Ya ɗauko tukunyarta daga saman kantar kicin inda aka kife ta, ya wanke. Ta zauna a teburinsu na jikin bango. An mayar da kujera a gurbin da keken yake tsayawa. Daga ranar ta koma zuwa duk mako.

Sau ɗaya na bi ta. Ita ta gayyace ni, ranar na sami hutu, yara suna makaranta. Na ga yadda ma'aikatan suke gaishe ta, har da wani ɗan Meziko mai wanke-wanke da ya leƙo ya ɗaga mata hannu. Ba a ba ta takardar zaɓen abinci ba, kawai aka fara kawowa. Aka kawo fo, aka kawo wani naman sa da aka yanka gutsi-gutsi aka soya shi a wuta mai ƙarfi da albasa, ana tsoma shi a ruwan lemon tsami da masoro, laushi kamar hanta. Aka kawo jatan lande. Ni dai romon ya tafi da ni, na sha har na yi gumi, na kwance ɗankwali na sake ɗaurawa. Ita kuwa ta tsinke ganye ta zuba mini, ta matsa mini lemo, ta ɓare jatan lande tana tarawa a gefen farantina, har na ce Yaya ke ma ki ci mana. Ranar ta yi magana fiye da duk yadda na san ta. Ta ba ni labarin kasuwar Bichi, da yadda Malam ya ɓata a Brooklyn ranar farko da ya fara tasi, har fasinja ya karɓi tuƙin. Ta yi dariya har da hawaye.

Mun yi niyyar mu riƙa zuwa tare, amma aikina na asibiti ba ya barin Alhamis, ga yara. Ta ci gaba da zuwa ita ɗaya. Na tambaye ta ko ba ta jin wani iri, mace ita kaɗai a tebur. Ta ce tana ji. Ta ce amma a can akwai motsin mutane, ana buga cokali, wani yana kurɓa, wani yana kiran a ƙaro masa, in ta rufe ido sai abincin ya wuce.

Bara Rilwanu ya yi aure, wata 'yar Ghana ma'aikaciyar banki. Bana matar ta sami ciki, ya matsa wa uwarsa ta ajiye aiki ta koma Dallas, ya ce gwiwoyinta sun gaji, ga ɗaki a gidansa ba kowa. Ta yi ta jan ƙafa, ta ce sai bayan salla, ta ce sai sanyi ya wuce. Da haihuwa ta matso ta amince. Ta raba kayan ɗakinta, ta ba ni tukwane da turmi, ta kai littattafan Malam masallaci. Ta je ta yi sallama da su Tuan, matarsa ta cika mata jaka da kayan ƙamshi. Rilwanu ya zo da kansa ya tafi da ita.

Mukan yi waya. An sami mace, an sa mata Najat. Ta ce gidan babba ne, ga fili, ga ciyawa an aske ta kamar kan ango. Sai dai unguwar ba a tafiya da ƙafa, ba jirgi, ba bas, ba shago a kusa, ko masallaci sai an ɗauke ka a mota. Yaron nan da matarsa suna fita da safe, su dawo a gajiye. Tana wuni da jaririya. Ta ce wani lokaci takan tsaya a taga tun hantsi har azahar ba ta ga mutum ya gifta ba, sai motar mai kawo saƙo.

Kiranmu na ƙarshe ta tambaye ni wa ya shiga ɗakinta. Na ce wasu 'yan Dominika ne, da yara uku, da kiɗa, ba sa barin mu barci. Ta ce Allah sarki, ɗakin ya samu mutane. Ta tambaya ko ƙanƙara ta fara zuba, ko an gyara liftar hawa bene. Sai na ji kukan jaririya daga nesa. Ta ce bari ta je, Najat ta farka, ta ce in gaida yara da babansu.